Wa zai yi wa kwamfutocinmu faci?

Ranar Talata 14 ga Oktoba 2025, kwana biyu kacal bayan zaɓen shugaban ƙasa, hankalin kowa a Yawunde yana kan wanda zai zauna a fadar Etudi shekaru bakwai masu zuwa. A teburin mai shayi, a shagunan telolin Briketeri, har a ƙofar masallaci bayan isha'i, ba a wata magana sai ta ƙuri'u. Shi ya sa wani abu ya wuce a ranar ba wanda ya ɗaga kai ya kalle shi. A wannan Talatar ce kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran tsaro na kyauta na ƙarshe ga Windows 10, babbar manhajar da ke tafiyar da galibin kwamfutocin da nake gani a makarantunmu, ofisoshinmu da shagunan fotokofi.

Kwamfutar ba ta mutu ba. Washegari an kunna ta, ta tashi lafiya lau, an buga takardu, an karɓi kuɗi. To, nan ne haɗarin yake, domin abin da aka janye ba a ganinsa da ido.

Manhaja dai rubutu ce, layi miliyoyi, kuma 'yan Adam ne suka rubuta, don haka ba ta rasa kuskure. Wani kuskuren ba ya cutar da kowa, wani kuwa tsaga ce a bango, kuma mun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In aka gano tsagar, masu manhajar sukan rubuta ɗan gyara su aiko ta intanet. Sunan wannan gyara shi ne kalmar da muka daɗe da sani a wurin tela da mai gyaran taya: faci. Microsoft na fitar da nasa a Talata ta biyu ta kowane wata. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ranar da aka fitar da faci ita ce ranar da aka yi shelar inda tsagar take. Masu kutse suna ɗaukar manhajar kafin faci da bayan faci, su gwada su, su ga daidai wurin da aka ɗinke, sannan su bazama neman waɗanda ba su ɗinke nasu ba. Wato kwamfutar da ba a yi wa faci ba ta fi shiga haɗari bayan fitowar facin fiye da kafinsa. Ga shi kuma Windows 10 da Windows 11 'yan ɗaki ɗaya ne, sun yi tarayya a rubutu mai yawa. Duk wata da aka ɗinke ƙanin, an nuna wa ɓarawo inda rigar wan ta yage, kuma shi ba mai ɗinke masa.

An taɓa ganin irin wannan. Ranar 14 ga Maris 2017 Microsoft ya fitar da facin wata tsaga. Bayan wata biyu, ranar 12 ga Mayu, wata manhajar garkuwa mai suna WannaCry ta bi ta wannan tsagar ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe 150, tana neman kuɗin fansa. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin likita kusan 19,000. Maganin yana nan tun wata biyu da suka wuce, ba a dai sha ba.

Wani zai ce, to Malam, ina ruwan mai sayar da atamfa ko mai tsire da wannan? Da ruwansa, domin rayuwarsa ta riga ta koma cikin kwamfutocin wasu. Tun watan Fabrairu 2025, mai neman katin ɗan ƙasa sai ya fara rajista ta intanet, ya biya sefa 10,000, sannan ya je a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Mu da ake yawan tsayarwa a shingen hanya a ce mu nuna shaidar cewa 'yan ƙasa ne, mun fi kowa sanin darajar wannan katin. Kuɗin makaranta da na jarrabawa a lise da kolej na gwamnati ta waya ake biyansu yanzu, kowane ɗalibi da lambarsa. Kuɗin adashi da na cinikin shanu suna yawo ta MoMo da Orange Money. Duk waɗannan bayanai suna zaune ne a cikin manyan kwamfutocin da ba sa barci dare da rana, waɗanda ake kira uwar garke. Mun ɗanɗana abin da ke faruwa in aka taɓa ɗaya daga cikinsu a ƙarshen Janairu 2024, lokacin da kamfanin wuta na Eneo ya sanar cewa an yi masa kutse, masu mitar biya-kafin-amfani suka yi kwanaki suna riƙe da kuɗinsu a hannu ba hanyar sayen wuta. Tela mai aikin zare da inji ya san abin da kwana ɗaya babu wuta yake nufi.

Galibin uwayen garken intanet a duniya ba Windows suke amfani da shi ba, Linux ne. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991, ya bar rubutun a buɗe, kowa ya karanta, ya gyara, ya raba kyauta. Yau wayar Android da ke aljihunka a kansa aka gina ta. Ba kamfani ɗaya ke da shi ba. Akwai ƙungiyoyi da kamfanoni da ke harhaɗa shi su fitar da nasu samfurin, kamar Debian da aka kafa a 1993, da Ubuntu wanda wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya kafa a 2004.

Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne yadda manhaja ke isowa ga mai amfani. Mu a nan mun saba da hanya guda: ka sayi kwamfutar gwanjo da aka shigo da ita ta tashar Duwala, ka kai wa yaro a layin Kenedi, ya zaro kle daga aljihu ya zuba maka Windows da Word da duk abin da kake so, waɗanda aka fasa makullinsu, ka ba shi na goro. Daga ina ya samo su? Shi ma wani ya ba shi. Sau da yawa ma sai ya kashe maka sabuntawa gaba ɗaya, wai don kada ta cinye maka data ko kuma kamfanin ya gane na sata ne. Ka ga tun ranar farko an toshe hanyar faci. A Debian ko Ubuntu kuwa, kowace manhaja ana naɗe ta ne a matsayin ƙunshi, a rubuta sunanta, lambar fitowarta, da sauran ƙunsoshin da take buƙata kafin ta yi aiki. Ana ajiye su duka a rumbu guda, dubun-dubatarsu, rumbun kuma yana da hatimin lissafi wanda kwamfutarka za ta duba kafin ta karɓi komai. In wani ya taɓa ƙunshin a hanya, hatimin ba zai dace ba, sai ta ƙi. Kowane ƙunshi yana da mai kula da shi, akwai kuma rukunin mutanen da aikinsu kawai bin labarin sababbin tsagogi da fitar da faci. Mai kula da uwar garke zai rubuta umarni biyu, apt update da apt upgrade, duk abin da ke cikin injin ya sabunta a lokaci guda. Ana ma iya saita shi ya riƙa ɗaukar facin tsaro da kansa kullum. Bambancin kamar na mai sayen magani a famasi ne da mai saye a tire cikin rana.

Amma fa kada wani ya ɗauka Linux laya ce. Akwai labarin da ya kamata duk mai wannan tunanin ya ji.

Akwai wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna xz, aikinta matse fayil ya ƙanƙance. Kusan kowane injin Linux a duniya yana ɗauke da ita. Shekara da shekaru mutum ɗaya ne ke kula da ita, Lasse Collin, a lokacin hutunsa, ba albashi ba lada daga kowa. Wajen 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya ɓullo, ya fara aiko da 'yan gyare-gyare masu kyau. A daidai lokacin wasu sunaye suka fara matsa wa Collin da saƙonni, suna cewa aikin yana tafiyar hawainiya, ya kamata ya samu mataimaki ko ya sauka. Mutumin ya gaji, shi da kansa ya faɗa cewa ba ya jin daɗin lafiyarsa. A hankali ya miƙa wa baƙon makulli. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin masallaci ya san wannan hoton: dattijo guda yana shara, yana biyan kuɗin ruwa, yana gyara lasifika, ba mai taya shi sai masu ƙorafi, rana ɗaya wani saurayi mai ladabi ya zo ya ce Baba kawo in taya ka. Wa zai ƙi? Jia Tan ya yi haƙurin fiye da shekara biyu. A Fabrairu da Maris 2024 ya fitar da xz mai lamba 5.6.0 da 5.6.1, ya ɓoye ɓarauniyar ƙofa a ciki, wadda za ta ba mai wani makulli na musamman damar shiga uwar garke daga nesa ya yi abin da ya ga dama.

Yadda asirin ya tonu abin mamaki ne. Wani injiniya Bajamushe, Andres Freund, yana gwajin wani aikinsa daban a kan Debian na gwaji, sai ya lura shiga injin daga nesa yana ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa. Rabin daƙiƙa fa! Mu da muke jiran shafi ya buɗe har shayi ya huce, wa zai kula? Shi ya kula, ya bi diddigi, ranar 29 ga Maris 2024 ya sanar da duniya. A lokacin gurɓataccen ƙunshin ya shiga rumbunan gwaji na Debian da Fedora, amma bai kai ga tabbatattun samfuran da manyan uwayen garke ke amfani da su ba. Ubuntu 24.04 yana gab da fitowa a watan Afrilu. Da an yi jinkirin 'yan watanni, da ƙofar ta shiga bankuna da ma'aikatun gwamnatoci da hatiminta na gaskiya a jiki.

Masu sukar Linux sun ce ga shi nan, abin kyauta ba shi da tabbas. Masu kare shi sun ce ai don rubutun a buɗe yake shi ya sa aka kama. Ni abin da na gani a labarin daban ne. Ta wurin mutum ɗaya da ya gaji ba mai biyansa aka shiga, kuma mutum ɗaya da ke da lokaci da ilimin tsayawa ya duba ne ya kama. Ta kowane ɓangare ka juya, maganar ta koma kan mai kula.

Haka abin yake ko ba da makirci ba. A 2017 aka sace bayanan mutum miliyan 147 daga kamfanin Equifax na Amurka, ta wata tsaga a buɗaɗɗiyar manhajar Apache Struts wadda facinta ya fito tun watan Maris, ba a saka ba har ɓarayi suka shiga a Mayu. Kuma shi ma Linux yana da wa'adi kamar Windows. CentOS 7, wanda aka gina uwayen garke masu ɗimbin yawa a kansa, ya daina samun faci ranar 30 ga Yuni 2024. Ubuntu 20.04 ya kai ƙarshen tallafinsa na shekara biyar a Mayu 2025. Injin da ke kan ɗayansu yau, in ba wanda ya ɗaga shi ko ya sayi ƙarin tallafi, ba shi da bambanci da Windows 10 ɗin shagon fotokofi.

To a nan gida wa ke wannan aikin? A takarda muna da tsari. Akwai hukumar ANTIC, akwai dokar tsaron intanet mai lamba 2010/012 ta ranar 21 ga Disamba 2010, wadda ta wajabta binciken tsaro ga masu manyan tsare-tsaren sadarwa. Amma bincike lokaci-lokaci ake yinsa, tsagogi kuwa kowane mako suke fitowa. Mai bincike zai zo ya rubuta rahoto ya tafi. Wanda zai zauna da dare ya gwada faci a injin gwaji, ya saka a na aiki, ya sake kunna shi, ya tabbatar komai ya tashi, ya kuma duba cewa kwafin ajiya yana buɗuwa, wannan ma'aikaci ne na dindindin, kuma albashi yake ci.

A nan ne al'adarmu ke ba mu matsala. Mun iya bikin buɗewa, a yanka kyalle, a ɗauki hoto. Kuɗin kulawa kuwa ba shi da hoto, don haka shi ake fara yankewa daga kasafi. A 2016 aka yi shelar kyautar kwamfutocin tafi-da-gidanka 500,000 ga ɗaliban jami'a, masu tambarin PB HEV, cikin shirin da ya ci bashin sefa biliyan 75 daga bankin Exim na Sin, aka fara rabawa a ƙarshen 2017. Ma'ajiyarsu giga 32 ce, Windows 11 kuma ba ya sauka a ƙasa da 64. Duk wadda ta rage da rai a cikinsu, hanyar Microsoft ta rufe mata. Haka kwamfutocin gwanjon da ke ɗakunan koyon kwamfuta na makarantu, domin Windows 11 yana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma injin da bai tsufa sosai ba, waɗanda aka ƙera kafin wajen 2018 yawancinsu ba su cika sharaɗin ba. Microsoft ya buɗe wa mutane ƙofar ƙarin shekara guda, zuwa 13 ga Oktoba 2026, da dalar Amurka 30 ko ta wasu sharuɗɗa na asusunsa, amma wannan sai mai Windows na halal, kuma jinkiri ne kawai.

A ƙananan wurare irin namu abin ya fi muni. Na san makarantar da wani ɗan unguwa ya haɗa mata manhajar rubuta sakamakon ɗalibai a kan kwamfuta guda a ofishin darakta, aka yi masa godiya da addu'a, bayan shekara ya samu aiki a wani gari ya tafi da kalmar sirrin a kansa. Injin yana nan yana aiki, ba mai taɓa shi, kowa na tsoron kada ya lalace. A cikinsa akwai sunayen yara, ranar haihuwarsu, hotunansu, lambobin wayar iyayensu, da jerin waɗanda ba su gama biyan kuɗi ba. Ka ƙara da masu shirya tafiyar Hajji da Umra da ke tara hotunan fasfo, da ƙungiyoyin taimakon marayu, da asibitocin unguwa. Waɗannan bayanai amana ce a wuyan wanda ya karɓa, tun kafin a zo maganar doka.

Dokar ma ta iso. Ranar 23 ga Disamba 2024 aka sa hannu a doka mai lamba 2024/017 kan kare bayanan mutane, aka ba duk mai tara irin waɗannan bayanai wata 18 ya daidaita al'amuransa, wato zuwa 23 ga Yuni 2026. Ba ma'aikatu da bankuna kaɗai ta shafa ba. Ina tsoron mu ne za mu zama na ƙarshen jin labarinta, kamar yadda muka saba, sai an zo da takardar tara sannan a fara neman wanda ya san wani.

Ra'ayina shi ne makarantunmu, musamman na Faransanci da Larabci masu zaman kansu, su mayar da tsofaffin kwamfutocinsu kan Linux maimakon su bar su a kan Windows marar faci ko su ci bashin sababbi. Ubuntu 24.04 da Linux Mint 22 duka suna da faci har 2029, akwai kuma samfura marasa nauyi da ke tashi a tsohon inji. Rubutun Larabci yana aiki a kansu ba wata wahala. Ba sabon abu ba ne: jandarmomin Faransa sun mayar da dubun-dubatar kwamfutocinsu kan Ubuntu tun daga 2008, jihar Kerala ta Indiya kuma ta daɗe tana koyar da yaran makarantun gwamnati da shi. Maganar tsadar data tana da mafita, domin ana iya saita kwamfuta guda ta sauko da ƙunsoshin sau ɗaya, sauran su ɗiba daga wurinta.

Na san abin da abokan aikina za su ce, kuma ba ƙarya suka yi ba. Yaro zai fita ya tarar ana tambayarsa Word da Excel a wurin neman aiki. LibreOffice yana buɗe takardunsu, amma wani lokaci tsarin shafi yakan goce. Wata tsohuwar na'urar buga takarda za ta yi gardama. Malaman da suka saba da abu guda za su yi gunaguni wata uku. Birnin Munik na Jamus ma ya koma Linux, a 2017 majalisarsa ta yanke shawarar juyawa. Saboda haka ban ce a taɓa kwamfutar mai shagon da ke buga katin biki da CorelDraw ba, shi dai ya cire ta daga intanet in ba zai iya sabunta ta ba, ya daina ajiye hotunan katin mutane a ciki. Amma ɗakin koyon yara da injin ajiyar bayanan makaranta, waɗannan ba su da uzuri.

Sai dai ko an canja, in ba a ɗauki mai kula ba, an sauya wa matsalar riga ne kawai. Makaranta ɗaya ba za ta iya biyan injiniya ba, amma makarantu biyar ko shida na Briketeri, Tsinga da Etudi za su iya haɗa kuɗi su ɗauki mutum guda da yarjejeniya a rubuce, ya riƙa zagayawa. Muna da yaran da suka gama IAI da Politeknik da jami'ar Ngaundare suna zaune suna gyaran waya a bakin titi. A rubuta masa aikinsa: rana kaza a wata zai saka faci, zai ɗauki kwafin bayanai a faifai na daban wanda ba ya jone da injin, zai rubuta abin da ya yi a littafi. Kalmomin sirri a rubuta su a rufe a ambulan, ɗaya wurin darakta, ɗaya wurin shugaban kwamiti, don kada a sake tafiya da su a kai. Kuma a haɗa shi da ɗalibai biyu ko uku masu kaifin basira su riƙa koyo a hannunsa, saboda labarin xz ya nuna abin da ke faruwa in aka bar mutum ɗaya da kaya.

Iyaye a makarantu da dama suna biyan kuɗin kwamfuta kowace shekara a kan kuɗin makaranta. A taron ƙungiyar iyaye da malamai mai zuwa, in ma'aji ya gama karanta lissafin fenti da benci, ni zan ɗaga hannu in tambayi nawa ne daga wannan kuɗin aka ware wa mai kula da injunan, wane ne shi, kuma wace rana ce ta ƙarshe da ya saka faci.